TARIHI: Mafaka a Ofishin Jakadanci da Fin Ƙarfin Manyan Ƙasashe

Yau tarihinmu zai fita waje, zuwa labarin mutanen da suka gudu suka fake a ofisoshin jakadanci, da abin da ya same su bayan an rufe ƙofa.

Da asubahin ranar 4 ga Nuwamba 1956 tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka kutsa birnin Budapest na ƙasar Hungari don murƙushe boren da jama'a suka yi wa mulkin gurguzu. A wannan safiya manyan mutanen ƙasar biyu suka gudu neman mafaka. Firayim Minista Imre Nagy ya shiga ofishin jakadancin Yugoslabiya. Shi kuwa József Mindszenty, shugaban cocin Katolika na ƙasar, wanda 'yan kwanaki ke nan da fitowarsa daga tsare, ya shiga na Amurka.

Kwana 18 Nagy ya yi a ciki. Sabuwar gwamnatin János Kádár, wadda Sobiyet ta ɗora, ta ba da alkawari a rubuce cewa shi da mutanensa za su koma gidajensu lafiya. Ranar 22 ga Nuwamba suka fito suka shiga bas. Nan take jami'an Sobiyet suka karɓe motar, suka sauke jami'an Yugoslabiya da ke rakiya, suka kai Nagy Romaniya. Yugoslabiya ta yi ƙorafi, ba wanda ya saurare ta. Daga baya aka dawo da shi, aka yi masa shari'a a asirce, aka rataye shi ranar 16 ga Yuni 1958.

Mindszenty kuwa shekara 15 ya yi a ofishin Amurka. 'Yan sandan ciki na gadi a waje dare da rana, amma ba wanda ya taɓa ƙofar. Ranar 28 ga Satumba 1971 ya fita zuwa Roma bayan an daidaita tsakanin fadar Paparoma da gwamnatin Hungari, ya rasu a Vienna a 1975.

Birnin ɗaya ne, ranar ɗaya ce, ƙa'idar da ke kare ofisoshin biyu ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta ƙarshen mutanen nan biyu shi ne nauyin ƙasar da tutarta ke kaɗawa a bakin ƙofa. Duk sauran labaran da za su biyo baya a kan wannan gaɓa suke.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa sun ɗauka ofishin jakadanci yanki ne na ƙasar da ta buɗe shi, wato wanda ya shiga ofishin Amurka da ke Abuja kamar ya taka ƙasar Amurka ne. A doka ba haka ba ne. Filin na ƙasa mai masauki ne, abin da ofishin ke da shi alfarma ce. Al'adar tsohuwa ce tsakanin ƙasashe, sai a 1961 aka tattara ta a rubuce cikin Yarjejeniyar Vienna kan hulɗar jakadanci, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita. Sashe na 22 ya ce jami'an ƙasa mai masauki, 'yan sanda ne ko soja, ba su da ikon shiga ofishin sai da yardar jakada. Ya kuma ɗora wa mai masaukin nauyin kare ginin, da hana duk abin da zai tayar da hankalin ofishin ko ya zubar masa da mutunci.

Sai dai yarjejeniyar ta yi shiru a kan mafaka. Ba ta ba jakada ikon ɓoye wanda hukuma ke nema ba, ba ta kuma tilasta wa mai masauki ya bar mutumin ya fita ƙasar ba. A nan kiki-kaka ke faruwa. 'Yan sanda ba za su iya shiga ba, wanda ke ciki ba zai iya fita ba. Sai ranar da wani ya gaji, ko ya ji tsoro, ko aka saye shi.

Kare wanda ya fake a hannunka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗalibin sira ya san yadda Najjashi sarkin Habasha ya ƙi miƙa Musulmin da suka yi hijira zuwa ƙasarsa, duk da kyaututtukan da 'yan aiken Ƙuraishawa suka zo da su. Amma waccan mafaka ce a cikin ƙasarka, inda kai ke da iko. Ta ofishin jakadanci ta fi wuya, domin kana ajiye mutum ne a tsakiyar gidan mai nemansa.

Ƙasashen Kudancin Amurka ne suka fi kowa riƙe wannan al'ada, saboda yawan juyin mulki a yankin. Wanda ke fada yau ya san gobe yana iya zama mai gudu. A can ne ma aka yi shari'ar da har yau ake kafa hujja da ita. Ranar 3 ga Janairu 1949 Víctor Raúl Haya de la Torre, jagoran jam'iyyar APRA ta ƙasar Peru, ya shiga ofishin jakadancin Kolombiya da ke Lima, gwamnatin soja ta Janar Odría na nemansa da laifin tayar da bore. Kolombiya ta ce ɗan gudun siyasa ne, a ba shi hanya. Peru ta ce mai laifi ne, a miƙo shi. Suka tafi Kotun Duniya da ke Hague. A Nuwamba 1950 kotun ta ce Kolombiya ba ta da ikon yanke hukunci ita kaɗai a kan irin laifin mutumin, kuma ba dole ba ne Peru ta ba shi hanya. A Yuni 1951 ta ƙara da cewa ita ma Kolombiya ba dole ba ne ta miƙa shi. Haya ya zauna a ginin nan fiye da shekara biyar, sai a Afrilu 1954 ƙasashen biyu suka sasanta ya fita.

Abin lura a nan, Peru da Kolombiya kusan ƙarfinsu ɗaya. Mulkin soja ake yi a Peru, amma bai fasa ƙofa ba. An je kotu, an jira, an sasanta. A shekarar da Haya ya fita ƙasashen yankin suka ƙulla yarjejeniyar Caracas kan mafakar jakadanci. Amurka ba ta shiga cikinta ba.

Idan babbar ƙasa ce mai ba da mafaka

Matsayin Amurka a hukumance shi ne ba ta yarda akwai haƙƙin mafakar jakadanci a dokar duniya ba, iyaka ta ba mutum mafaka ta ɗan lokaci idan ransa na cikin haɗari. Ɗan lokacin na Mindszenty shekara 15 ne. Bayan murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a Yuni 1989, masanin taurari Fang Lizhi da matarsa suka shiga ofishin Amurka a Beijing. Ƙasar Sin ta fusata ƙwarai, amma ba ta shiga ba. Shekara ɗaya da 'yan makonni suka yi, a Yuni 1990 jirgin sojan Amurka ya ɗauke su zuwa Birtaniya.

Kuma da aka keta alfarmar nata ofishin, Amurka ta san hanyar kotu. Lokacin da ɗalibai suka mamaye ofishinta a Tehran a Nuwamba 1979, suka riƙe mutum 52 har kwana 444, ta kai Iran ƙara Kotun Duniya, tana kafa hujja da wannan yarjejeniya ta Vienna. A Mayu 1980 kotun ta ba ta gaskiya. Gaskiyar kuwa tata ce.

A riƙe wannan a zuci, domin a Disamba 1989, Fang Lizhi na zaune cikin ofishin Amurka a Beijing, sojojin Amurka na kewaye da ofishin jakadancin wata ƙasa a can Panama.

Panama, 1989

Panama ƙaramar ƙasa ce da mashigin ruwanta ya zame mata arziki da jarabawa. Da taimakon Amurka ta ɓalle daga Kolombiya a 1903, Amurka ta haƙa mashigin ta buɗe shi a 1914, ta kuma jibge sojoji a gefensa. A 1977 Shugaba Carter da Janar Torrijos suka sa hannu cewa za a mayar wa Panama mashigin a ƙarshen 1999.

Janar Manuel Noriega ya zama shugaban sojan ƙasar a 1983, shi ne kuma mai mulki na haƙiƙa. Ba mutumin kirki ba ne, kada a ruɗe. Ya azabtar da 'yan adawa, ya yi hulɗa da dillalan hodar iblis, kuma a Mayu 1989 ya soke zaɓen da ɗan adawa Guillermo Endara ya lashe. Amma shekara da shekaru yaron Amurka ne. A lokacin shari'arsa gwamnatin Amurka da kanta ta amince cewa hukumar leƙen asirinta ta CIA da rundunar sojanta sun biya shi fiye da dala 300,000. Da aka ɓata, a Fabrairu 1988 aka tuhume shi a kotunan tarayya da ke jihar Florida da laifin safarar miyagun ƙwayoyi.

A tsakiyar Disamba 1989 sojojin Panama suka harbe wani hafsan sojan Amurka a wani shingen bincike. Daren 20 ga wata Shugaba George Bush uba ya tura sojoji kimanin 27,000. A wani sansanin sojan Amurka aka rantsar da Endara a matsayin shugaban ƙasa. Unguwar talakawa ta El Chorrillo, wadda ke maƙwabtaka da hedikwatar Noriega, ta ƙone ƙurmus. Sojan Amurka 23 suka mutu. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ce 'yan Panama 516 ne suka mutu, soja da farar hula, masu kare haƙƙin ɗan Adam da dangin mamatan kuwa sun daɗe suna cewa adadin ya wuce haka.

Kwana huɗu Noriega na ɓuya, an sa dala miliyan ɗaya a kansa. Ranar 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, ya shiga ofishin jakadan Paparoma, José Sebastián Laboa. Sojojin Amurka suka kewaye ginin, suka tare hanyoyi, jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama. Sannan suka jera manyan lasifikoki suka riƙa sakin kiɗan Turawa mai ƙarar tsiya dare da rana, har sai da fadar Paparoma ta kai kuka aka kashe. Ku tuna sashe na 22 da maganar tayar da hankalin ofishi da zubar masa da mutunci.

Fadar Paparoma ta ƙi miƙa shi kai tsaye. Hujjarta ita ce jakadanta wakili ne ga gwamnatin Panama, sojan mamaya ba su da hurumin neman a ba su kowa. Amma a cikin gida Laboa na ta matsa wa baƙonsa, yana nuna masa cewa babu wata ƙasa da zai iya kaiwa. Ranar 3 ga Janairu 1990 dubban mutane suka taru kusa da ginin suna zanga-zangar a fito da shi. Da dare Noriega ya sa kakinsa na soja ya fito da ƙafarsa. Washegari yana gaban kotu a Miami. A 1992 aka yanke masa shekara 40, daga baya aka rage zuwa 30. Alƙalin ya amince fursunan yaƙi ne, amma kotun ta ce yadda aka kamo shi bai hana a yi masa shari'a ba. Daga Amurka aka miƙa shi Faransa a 2010, daga can Panama a 2011, ya mutu a 2017.

Akwai wani abin da ya faru a cikin kwanakin nan wanda ba a cika ambatonsa ba. Ranar 29 ga Disamba sojojin Amurka suka kutsa gidan jakadan Nikaragua a birnin Panama suna neman makamai, alhali gidan jakada na da alfarma irin ta ofishinsa. Bush ya amince kuskure ne. Nikaragua ta kori jami'an jakadancin Amurka 20. Da aka kawo ƙudurin yin tir da kutsen gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Janairu 1990, Amurka ta hau kujerar naƙi. Kafin nan ma ita da Birtaniya da Faransa sun hau kujerar naƙi a kan ƙudurin da ya soki mamayar kanta. Babban Zauren Majalisar ya yi tir da mamayar da ƙuri'a 75, ƙasashe 20 suka ƙi, 40 suka ƙaurace. Ƙuri'ar ba ta mayar da soja ko ɗaya gida ba.

Shekara goma ke nan tsakanin Tehran da Panama. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma shi ke riƙe da makullin ɗakin da za a kai ƙararsa.

Landan, 2012

Zamani ya sauya salo. A rikicin Julian Assange ba a ga tanka ko ɗaya ba, amma ƙarshen ya yi kama da na Panama.

Assange ɗan Ostareliya ne, shi ya kafa shafin WikiLeaks. A 2010 shafin ya saki bidiyon wani harin jirgin sojan Amurka a Bagadaza na 2007 wanda ya kashe mutane har da ma'aikatan Reuters biyu, sannan dubban takardun yaƙin Afganistan da Iraƙi, da saƙonnin sirri kimanin 250,000 na ofisoshin jakadancin Amurka. Cikinsu har da na Najeriya, waɗanda suka taɓo rashin lafiyar Shugaba 'Yar'aduwa da shari'ar Pfizer ta Kano. A ƙarshen wannan shekara Suwidin ta nemi a kama shi don amsa tambayoyi a kan zargin cin zarafin mata biyu, zargin da ya musanta. Da kotun ƙolin Birtaniya ta amince a miƙa shi, ranar 19 ga Yuni 2012 ya tsallake belinsa ya shiga ofishin jakadancin Ekwado a Landan. Ya ce tsoronsa daga Suwidin a wuce da shi Amurka.

A watan Agusta ministan harkokin wajen Ekwado, Ricardo Patiño, ya bayyana wa duniya wata takarda da Birtaniya ta aiko, tana tunatar da su cewa wata dokarta ta 1987 ta ba ta ikon cire wa ginin alfarma ta shiga ta kama shi. An yi wannan doka ne bayan 1984, lokacin da aka harbe wata 'yar sanda daga cikin ofishin jakadancin Libiya a Landan. Ranar 16 ga Agusta gwamnatin Rafael Correa ta ba Assange mafaka. Ƙasashen Kudancin Amurka suka taso da murya ɗaya, Birtaniya ta ja da baya ta ce ba barazana take yi ba. Ita ma tana da ofisoshi a ƙasashen mutane, ta san abin da ka shuka shi za ka girba. Sai ta koma gadi, ta kashe fiye da fam miliyan 12 a kan 'yan sandan da ke tsaye a ƙofa kafin ta janye su a 2015.

Ana cikin haka wani abu ya faru a sararin sama. Ranar 2 ga Yuli 2013 Shugaban Bolibiya Evo Morales na komawa gida daga wani taro a Mosko. Aka yi raɗe-raɗin cewa ya ɗauko Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin da Amurka ke nema ruwa a jallo. Faransa da Sifaniya da Fotugal da Italiya suka hana jirginsa ratsa samaniyarsu ko sauka shan mai, dole ya sauka a Vienna ya kwana a filin jirgi. Snowden ba ya cikin jirgin. Shugaban ƙasa ne mai ci, cikin jirgin fadarsa, aka tsayar da shi a kan zato. A tambayi kai, ƙasa nawa ce za ta iya rufe wa jirgin shugaban Amurka hanya a kan zato?

Assange ya yi kusan shekara bakwai a 'yan ɗakunan nan na Landan. A 2017 mulki ya sauya a Ekwado, Lenín Moreno ya hau, ya karkata zuwa Washington. A Maris 2019 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Ekwado bashin dala biliyan 4.2. Ranar 11 ga Afrilu Moreno ya janye mafakar, jakada ya buɗe wa 'yan sandan Birtaniya ƙofa, suka ɗauko shi. Gwamnatin Moreno ta ce Assange ya karya sharuɗɗan zama, masu sukarta kuwa suka haɗa abin da bashin. A ranar ce Amurka ta fito da tuhumar da take ɓoye da ita, wadda daga baya ta kai laifuka 18. Suwidin ta rufe bincikenta a Nuwamba 2019. Shi kuwa ya yi fiye da shekara biyar a kurkukun Belmarsh, sai a Yuni 2024 ya amsa laifi ɗaya a wata kotun Amurka da ke tsibirin Saipan aka sake shi ya koma gida.

Ba a fasa ƙofa ba. An jira har mai gidan ya sauya.

Namu ya taɓa faruwa

Najeriya ma ta ɗanɗani irin wannan matsi, ko da yake tata mafakar ta cikin ƙasa ce. A Agusta 2003, don a tsayar da yaƙin Laberiya, Shugaba Obasanjo ya karɓi Charles Taylor ya sauke shi a Kalaba. Da sanin shugabannin Afirka aka yi, manyan ƙasashe ma sun so Taylor ya bar Monrobiya. Ba a yi wata uku ba majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan biyu ga duk wanda ya taimaka aka kama shi, domin kotun musamman ta Saliyo na nemansa. Najeriya ta tsaya a kan cewa zaɓaɓɓiyar gwamnatin Laberiya kaɗai za ta miƙa wa shi. A Maris 2006 Shugaba Ellen Johnson Sirleaf ta nema. Taylor ya ɓace daga Kalaba daidai lokacin da Obasanjo ke kan hanyar Washington. Ranar 29 ga Maris aka cafke shi a Gamborun Ngala zai tsallaka Kamaru, kuma a ranar ce Obasanjo ya gana da Bush ɗa a fadar White House. A 2012 aka yanke wa Taylor shekara 50.

Wanda ya san abin da aka yi wa mutanen Saliyo, hannuwan da aka datse da ƙananan yaran da aka ba bindiga, ba zai yi wa Taylor kuka ba. Amma abin ya bar tambaya ga duk mai shiga tsakani. Idan gobe aka ce wa wani azzalumin shugaba ya sauka a ba shi mafaka don jini ya tsaya, ya ga ƙarshen Taylor, zai yarda?

Bangon ya tsage

Daren 5 ga Afrilu 2024 'yan sandan Ekwado suka haura ofishin jakadancin Meziko a birnin Quito, suka fito da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jorge Glas, wanda kotu ta samu da laifin cin hanci, sa'o'i kaɗan bayan Meziko ta ba shi mafaka. Meziko ta yanke hulɗa ta garzaya Kotun Duniya. Wannan ita ce Ekwadon da a 2012 ta tara maƙwabtanta saboda takarda kawai. Abin da sojan Peru bai yi ba cikin shekara biyar, abin da Birtaniya ta yi tunani ta fasa, zaɓaɓɓiyar gwamnati ta yi shi cikin dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, to ina laifi? Noriega dillalin ƙwaya ne, Taylor ya zubar da jini, Glas kotu ta kama shi, har Assange akwai masu ganin ya jefa rayukan mutane cikin haɗari. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ofishin jakadanci bai kamata ya zama maɓoyar kowane mai laifi ba. Sai dai kowace gwamnati da ke farautar mutum cewa take mai laifi ne. Haka Sobiyet ta kira Nagy, haka Hungari ta kira Mindszenty, haka Sin ta kira Fang. Amfanin ƙa'idar shi ne kada mai farauta ya zama shi ne alƙali. A Lima ta yi aiki, aka kai maganar gaban wasu alƙalai. A Budapest da Panama mai ƙarfi ne ya yi ƙara, ya yi kamu, ya yanke hukunci.

Haɗarin a nan yake, kuma ba na Amurka ne ita kaɗai ba. Sobiyet ta yi nata a zamaninta, duk wadda ta samu irin wannan ƙarfi gobe tana iya yi. Babbar ƙasa tana da jiragen yaƙi da kuɗi da kujerar naƙi, ko babu doka ba wanda zai taɓa ofishinta ya kwana lafiya. Ƙasashe irin namu ne ba su da garkuwar da ta wuce wannan takarda ta 1961. Ita ke kare jakadan Najeriya a ƙasar da ake yaƙi, ita ke kare ɗan ƙasarmu da ya ruga ofishinmu ranar da gari ya rikice. Hausawa na cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Dokar duniya an gina ta ne a kan wannan magana, shi ya sa duk ranar da aka taka ta a Panama ko Quito, ko da a kan mutumin banza ne, bai kamata ƙananan ƙasashe su yi shiru ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kare mu daga fin ƙarfi. Sai mun ji ra'ayoyinku.